Yadda Ake Kare Soket da Fitilun Wajen Gida Daga Ɓarnar Ƙanƙara

Mu da muka taso da hunturu, abin da muka sani game da sanyi shi ne kaushi, da tsagewar leɓe, da hazon da ke hana jirgi sauka a Kano. Sanyin namu busasshe ne, ba ruwansa da wayar lantarki. Na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka kuwa jiƙaƙƙe ne, kuma ni sai da na sha a jikina kafin na gane bambancin.

Shekarata ta farko a gida mai tsakar gida a Otawa, babban birnin Kanada, a watan Janairu, na jona wayar ɗumama injin mota a soket ɗin da ke jikin bango ta waje, na shiga na kwanta. Da asuba sanyi ya haura digiri 20 ƙasa da sifili, na murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zance ba. Ashe soket ɗin ya katse wutarsa tun tsakar dare. Murfinsa irin mai faifai ne da ke rufewa kawai idan babu filogi a ciki, don haka duk kwanakin da na yi ina jona mota bakinsa a buɗe yake. Da rana dusar da ke kan dakalin taga ta narke ta ɗiga ciki, da dare ta daskare. Da mai gyaran wuta ya kwance shi daga baya, ƙarafan ciki duk sun yi kore.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko ke nan. Dusar ƙanƙara tana kwance a bushe ba ta cika yin ɓarna ba. Ɓarnar tana zuwa ne idan ta narke ta zama ruwa, ruwan ya sami 'yar kafa ya shiga, sannan ya sake daskarewa. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, to a cikin tsaga yake kumburar, ya ƙara buɗe ta. Gobe ruwan da zai shiga ya fi na yau. A lokacin sanyi guda ana iya yin wannan narkewa da daskarewa sau da dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kusan duk aikin da zan bayyana a nan toshe tsaga ne da kauce wa hanyar ruwa.

Zagayen watan Oktoba

Ba a fafe gora ranar tafiya. A Kanada da arewacin Amurka lokacin wannan aiki shi ne Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, ganye na zuba, ƙasa ba ta daskare ba, hannu yana iya riƙe sukudireba ba safa. Akwai kuma dalili na biyu: yawancin silikon da ake liƙe tsaga da shi ya fi kamawa idan bango a bushe yake kuma yanayi ya haura digiri 5.

Ka ɗauki takarda da biro da tocila ka zagaya gidan sau ɗaya, kana rubuta duk abin da wuta ke shiga cikinsa: soket na gaba da na baya, fitilar ƙofa, ta gareji, mai kunna kanta idan ta ga motsi, ƙananan fitilun gefen hanya, ƙararrawar ƙofa, kyamara, akwatin na'urar sanyaya gida, mita, da bututun da wayar kamfanin wuta ta biyo ta shigo. A kan kowanne ka yi tambaya biyu. Ina ruwa zai iya shiga? Me ke samansa da zai iya faɗo masa? Ka ɗaga kai ka dubi bakin rufi da indararo, domin abin da ke ƙarƙashin inda ruwan rufi ke zuba shi ne zai fi shan wahala.

In haya kake yi, aikinka ya tsaya a nan: ka ɗauki hoton abin da ka gani ka tura wa mai gida a rubuce. In gidanka ne, ka bincika dokar inda kake kafin ka kwance komai. A lardin Ontariyo na Kanada mai gida na iya yin wasu ayyukan wayarin da kansa amma sai ya sanar da hukumar kula da lafiyar wayarin, ESA, ta zo ta duba. A lardin Kwibek aikin na masu lasisi ne.

Kashe wuta kafin taɓa komai

Kada ka dogara da makunnin bango. Ka je akwatin bireka, wato babban akwatin makunnan wutar gida, wanda galibi yana ɗakin ƙasa ko gareji, ka kashe layin da ke kai wuta waje, ka dawo ka gwada da tasta, irin wadda ke ƙara idan ta kusanci waya mai rai. Ka fara gwada tastar a soket ɗin da ka san yana da wuta don ka tabbatar ita kanta lafiya take. Wasu 'yan'uwa kan raina wutar nan don sun ji bolt 120 ce, ta Najeriya kuwa 230. Mutum yana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa, 120 ɗin ma ta isa ta kashe shi. Abin da ke ruɗin mu kuma shi ne a gida mun saba a ce an ɗauke wuta mu taɓa waya hankali kwance. A nan ba a cika ɗaukewa ba.

Soket, inda mafi yawan matsalar take

Abu uku ake nema a soket na waje, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko, ya kasance yana ƙarƙashin kariyar GFCI. Wannan shi ne soket mai maɓalli biyu a tsakiya, ɗaya an rubuta TEST, ɗaya RESET. Aikinsa auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ya ga ta ragu da kimanin miliamfa 5, wato tana zirarewa ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ya katse kafin ƙiftawar ido. Tun 1973 dokar wayarin ta Amurka ta wajabta shi ga soket na waje. A Ingila da Turai takwaransa shi ne RCD, wanda ke katsewa a miliamfa 30, kuma galibi a babban akwatin wuta yake zama.

Gwada shi ba wuya. Jona fitila, kunna ta, danna TEST. Ya kamata ka ji ƙas, fitilar ta mutu. Danna RESET, ta dawo. In ka danna TEST fitila ba ta mutu ba, ko RESET ya ƙi zama, wannan soket ya gama aiki, sauya shi za a yi. Ana so a riƙa wannan gwaji kowane wata. In soket ɗinka na waje ba shi da maɓallan, kada ka yi saurin cewa ba shi da kariya. Sau da yawa an ɗaura shi ne a bayan wani GFCI da ke gareji ko ɗakin ƙasa ko banɗaki, ko kuma birekar kanta ce mai kariyar. Ka nemo shi tun yanzu ka san inda yake, don kada ka yi ta lalube a duhu ranar da ya katse.

Na biyu, ka duba fuskarsa ko akwai haruffan WR. Alama ce cewa robarsa na jure sanyi da hasken rana, ƙarafansa kuma ba sa saurin tsatsa. Tsofaffin gidaje da yawa soket ɗin ɗaki kawai aka maƙala a waje.

Na uku shi ne murfi, wanda ya kayar da ni. Mai faifai yana da amfani ne kawai idan ba a jona komai. Duk soket ɗin da za a bar filogi a ciki dare da rana yana bukatar murfi mai zurfi kamar ƙoƙo, wanda ke rufewa ruf alhali filogi na ciki, waya ta fito ta wata kafa a ƙasa. Ka sayi wanda aka rubuta wa Extra Duty, domin na araha robarsa na bushewa a tsananin sanyi, ɗan bugun shebur ya fasa shi. Sa shi aikin minti goma sha biyar ne: bayan ka kashe wuta, ka kwance tsohon, ka goge bangon, ka shimfiɗa sabuwar robar da ta zo tare da shi tsakanin murfi da bango, ka ɗaure sukuru daidai ba tare da matsewar da za ta lanƙwasa robar ba. Maratayin murfin ya kasance a sama, kafar waya tana kallon ƙasa.

Sai silikon. Ka zaga da shi ta sama da gefe biyu, inda murfi ya haɗu da bango. Ƙasan ka bar shi a buɗe. Mutane da yawa suna liƙe duka huɗun suna ganin sun kyauta, alhali sun yi wa ruwa randa ne. Ko ba ɗigo, iskar gida mai ɗumi da ke biyo ramin waya tana haɗuwa da ƙarfe mai sanyi ta zama raɓa, kuma raɓar nan dole a bar mata hanyar fita.

Fitilun bango

Ka leƙa cikin fitilar ko bayanta, akwai 'yar takarda da ke faɗin inda aka yarda a sa ta. Wadda aka rubuta wa Damp Locations ta ƙarƙashin rumfa ce, inda ruwa ba ya dukanta kai tsaye. Wadda ke fili sai mai Wet Locations. Kayan Turai da na Sin sun fi zuwa da lambar IP: lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP44 na jure fantsama, IP65 na jure feshin tiyo kuma ƙura ba ta shiga. Ga bangon da iska ke jibga wa dusa, ni IP65 nake zaɓa. A Kanada ka tabbatar akwai tambarin tantance inganci na CSA ko cUL ko cETL, musamman ga kayan da aka saya ta intanet.

Kwance gilashin, zubar da matattun ƙwari, duba robar da ke zagaye da bakinsa. In ta bushe tana farfashewa, sauya ta. In gilashin ya tsage ko da siririn layi ne, ba zai ga watan Maris ba. Yawancin fitilun suna da 'yar huda a ƙasa ta fitar ruwa, ka zura tsinke ka buɗe ta. Ɗan man shafawa na wayoyi, wanda ake kira dielectric grease a shago, in ka shafa kaɗan a zaren ƙwan, yana hana shi cijewa da tsatsa. Silikon kuma kamar na soket: sama da gefe, ban da ƙasa.

Ƙwan LED yana son sanyi, nan take yake kamawa, ba kamar mai murɗaɗɗen gilashi ba da ke yin dishi-dishi sai ya ɗumama. Aibinsa ɗaya, ba ya fitar da zafin da zai narkar da dusar da ta rufe shi. Don haka fitilar da ke kunna kanta in ta daina aiki bayan guguwa, kafin ka ce ta lalace ka share idonta da tsintsiya mai laushi.

Kyamara da ƙararrawa masu batir nasu daban ne. Batirin litiyam ba ya karɓar caji yadda ya kamata a ƙasa da sifili, kuma da yawansu suna mutuwa wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Ka shigo da batirin ɗaki ya ɗumama kafin ka sa shi caji.

Wayar ƙari da ta mota

Araha ba ta ado. Farar wayar ƙari ta falo ba ta fita waje, ko na dare ɗaya. Ka karanta rubutun da ke jikin waya: harafin W, kamar a SJTW, shi ke nuna ta waje ce. Mai SJEOW ta fi, domin tana nan da laushinta a sanyin Winifeg ko Edmonton inda sauran ke sandarewa su tsage in an lanƙwasa. Lambar kauri kuma a juye take, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Mai 16 ta isa fitilun ado. Na'urar ɗumama injin mota na jan wat 400 zuwa sama da 1,000, don haka in tazarar da nisa ka nemi mai 14 ko 12.

Inda filogi biyu suka haɗu shi ne lagon. Kada mahaɗar ta kwanta a ƙasa, inda za ta nutse a ruwan narkewa. Ka ɗaga ta a kan bulo ko ka rataye ta, ka sa ta cikin 'yar kwalbar roba mai maƙalewa da ake sayarwa don haka. Naɗe ta da leda da salatif, dabarar da muka saba da ita, tana tara raɓa ne a ciki. Kafin waya ta shiga soket ka bar ta ta ɗan sauko ƙasa da shi sannan ta hau, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a gwiwar ya bar soket. Kada ka bi da ita ta ƙarƙashin ƙofar gareji ko ta inda injin kwashe dusa zai wuce. Motar ma ba ta bukatar kwana a jone: awa uku zuwa huɗu kafin fita sun isa, agogon kunnawa na waje zai yi maka wannan.

Ƙananan fitilun gefen hanya

Bolt 12 suke amfani da ita, haɗarinsu kaɗan ne, abokin gabarsu shebur ne da motar kwashe dusa. Ka kafa dogayen sanduna masu ƙyalli kusa da kowacce kafin ƙasa ta daskare. Taransifomarsu ta kasance a bango, aƙalla santimita 30 daga ƙasa, in wurin na tara dusa ka ƙara sama. Masu aiki da hasken rana ka tuge su ka ajiye a gareji. In za ka haƙa don binne waya, ka fara kiran 811 a Amurka ko Ontario One Call a Ontariyo su zo su nuna maka inda bututun gas da wayoyi suke, kyauta ne.

Abin da ke faɗowa daga sama

Zafin da ke tserewa ta silin yana narkar da dusar da ke kan rufi. Ruwan ya gangaro bakin rufi inda babu ɗumi, ya daskare ya zama kamar madatsa. Na bayansa ya rasa hanya, ya koma ƙarƙashin rufin, ya biyo cikin bango, wani lokaci ya fito ta cikin fitilar da ke ƙarƙashin baranda. In ka ga ƙanƙara tana zarya daga jikin fitila, ka kashe birekar layin nan take, kada ka kunna sai an duba.

Maganin kusa shi ne kwashe ganye daga indararo a ƙarshen Oktoba, da jan dusar bakin rufi, kamar mita ɗaya, da doguwar manjagarar rufi kana tsaye a ƙasa. Sandar manjagarar galibi alminiyam ce, ka yi nesa da wayar da ta shigo gida. Akwai wayar ɗumama bakin rufi da ake shimfiɗawa, tana buɗe wa ruwa hanya amma tana cin wuta, kuma dole ta kasance a kan GFCI. Maganin asali yana cikin silin, a toshe inda zafi ke fita a ƙara abin tare shi.

Na'urar sanyaya gida, wadda ba ta aiki da sanyi, ka kashe makatsinta da ke bango kusa da ita, ka ɗora mata faifan katako a ka, ka danne da bulo don tsinin ƙanƙara kada ya fasa fankar. Kada ka naɗe ta duka da tamfol, danshi zai taru, ɓeraye kuma su sami ɗaki su ci wayoyi. In kuwa irin mai ɗumama gida ce da sanyi, ba a rufe ta sam. Tana bukatar zama a kan ƙafafu sama da inda dusa ke kaiwa, da fili kamar rabin mita a kewaye, da hanyar da ruwan da take zubarwa zai wuce.

Mita da bututun da ya ɗaga wayar kamfani sama da rufi na kallo ne kawai. In bututun ya karkata, ko hularsa ta fashe, ko reshen bishiya na gogar waya, waya za ka buga. A Ontariyo da wurare da yawa mitar ta kamfani ce amma bututun da akwatin da ta zauna a kai na mai gida ne, kuma in ƙanƙara ta tumɓuke shi kamfani ba zai mayar maka da wuta ba sai mai lasisi ya gyara an duba.

Idan sanyi ya kankama

Bayan kowace saukar dusa, ka share kewayen soket da mita da tsintsiya ko hannu mai safa. Kada ka tara abin da ka kwashe a jikin bangon da ke da soket. Ƙanƙarar da ta manne a fitila ko mita kada ka daka ta da guduma, kada kuma ka zuba mata ruwan zafi, gilashi zai fashe, ruwan kuma zai shiga ya sake daskarewa. Gishirin hanya ka yi nesa da shi daga kayan wuta, domin ruwan gishiri ya fi ruwan banza ɗaukar lantarki kuma yana cin ƙarfe. Yashi ya isa a kusa da su.

In GFCI ya katse, ruwa ba ya tsami banza. Cire duk abin da ke jone, danna RESET. In ya zauna, laifin na waya ne ko abin da ka jona, ka shigo da su su bushe ka duba ko sun tsage. In ya ƙi zama ba komai a jikinsa, danshi na cikin akwatin, ka kashe bireka ka kira mai gyara. Musanya shi da soket marar kariya don ya daina damunka, kamar cire batirin ƙararrawar gobara ne don ta yi shiru.

Mafi muni shi ne ruwan sama mai daskarewa, wanda ke sauka a ruwa ya zama gilashi a kan duk abin da ya taɓa. Daga 5 zuwa 10 ga Janairun 1998 irinsa ya sauka a gabashin Ontariyo da kudancin Kwibek, kaurinsa ya kai milimita 100 a wasu wurare, ya durƙusar da manyan turakun ƙarfe kusan 1,000, sama da mutum miliyan 4 suka shiga duhu, wasu har makonni. An sake ganin irinsa a Toronto a Disamban 2013, da Montiriyal da Otawa a Afrilun 2023. Bayan irin wannan, duk wayar da ka gani a ƙasa ka ɗauka tana da rai, ka tsaya nesa da ita mita 10, ka kira kamfanin wuta ko lambar gaggawa ta 911.

A ranar ne kuma ɗan Najeriya ke tuna ya iya janareta. Iyawar ce ke cutarwa. Ana ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofa a buɗe take, saboda hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci, kuma gidajen nan a toshe suke ba kamar namu masu shan iska ba. Kada a jona shi a soket ɗin bango don ya ba gida wuta: wutar na komawa layi ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya. Sai dai ta makunnin sauya layi da mai lasisi ya sa, ko ka ja wayar ƙari ta waje kai tsaye zuwa firji da abin da kake bukata.

A watan Maris, lokacin da komai ke narkewa da rana yana daskarewa da dare, ka ɗauko takardar nan ta Oktoba ka sake zagayawa. Ka buɗe kowane murfi ka duba ko akwai ruwa ko kore a ciki, ka gyara zaman fitilun da ƙasa ta turo sama, ka danna TEST a kowane soket. Na'urar sanyaya gida kuma ka cire mata katakon, ka mayar mata da wuta kwana ɗaya cur kafin ranar da za ka fara kunna ta.